Shanyewar ɓarin jiki ta raba ni da alli: in ajiye aikin?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a ƙasar Argungu, shekarata 47, na yi shekara 22 ina koyarwa. Bara da rani hawan jini ya kayar da ni, ɓarin dama ya shanye. Alhamdu lillahi yanzu ina takawa da sanda, amma hannun bai dawo ba, ba na iya riƙe alli, in na daɗe ina magana kuma sai harshe ya harɗe. Wannan saƙon ma da hagu na latsa shi a waya. Abokan aiki sun rufa mini asiri, suna riƙe mini aji, albashi na shigowa. Yanzu an ce za a yi tantancewa, an ba ni shawara ko in koma aji ko in rubuta takardar ajiye aiki. Ina da 'yar fadama da ƙanena ke nomawa. Maiɗakina ke turara shinkafa tana sayarwa, da shi ake cike cefane da kuɗin magani. In ta miƙo mini kuɗi sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige, in yi ta yi mata faɗa ba gaira ba dalili. Na daina zuwa masallaci da majalisa, don ba na son miƙa hagu a gaisa, ba na son jin "Allah sarki". Da safe in na ji yara na wucewa makaranta sai hawaye. Wani lokaci nakan ce da ma Allah ya ɗauke ni, in huta su ma su huta. Wannan rashin tawakkali ne? In ajiye aikin? In na ajiye, me ya rage mini?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Sannu da jiki. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Zan fara da maganar hawaye da fatan mutuwa, domin ita ce bai kamata ta kwana ba. Kukan da kake yi da safe ba rashin tawakkali ba ne. Mutumin da ya saba kullum ya tashi ya shirya ya nufi makaranta, yara su miƙe su gaishe shi, iyaye su tare shi a hanya suna tambayar karatun 'ya'yansu, aka raba shi da wannan duka rana ɗaya ba sallama, dole zuciyarsa ta yi makoki. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, da 'ya'yansa suka yi masa magana ya ce ga Allah yake kai kukansa. Babu wanda ya ce imaninsa ya ragu. Abin da aka hana shi ne fushi da hukuncin Ubangiji, kai kuwa da hamdala ka fara ba ni labarin jikinka.

Sai dai akwai abin da likitoci suka daɗe da sani, wanda ba kasafai ake faɗa wa majinyaci ba: kusan mutum ɗaya cikin uku da suka yi shanyewar ɓarin jiki na kamuwa da ciwon damuwa. Wani sashensa daga halin da mutum ya tsinci kansa ne, wani sashen kuma daga taɓuwar da ƙwaƙwalwar ta yi, domin can ciwon ya faru, ba a hannu ko ƙafa ba. Saurin fushi, gudun mutane, hawaye ba a shirya ba, barci ya lalace, abinci ya fita kai, mutum ya riƙa ganin ya zame wa iyalinsa kaya. Kai da kanka ka lissafa mini yawancinsu. Mu kuma al'adarmu in likita ya ce "yaya jiki?" sai mu ce "da sauƙi", mu karɓi takardar magani mu fito. Zuwanka na gaba kada ka yi haka. Ka faɗa masa da bakinka cewa kana kuka, kana faɗa ba dalili, kana fatan mutuwa. Ciwon na da magani, kuma barinsa na rage wa mutum himmar motsa jiki, sai warkewar hannu da ƙafa ita ma ta ja baya. In ya tura ka asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato, kada ka ce an mai da kai mahaukaci. Can masana wannan ciwon suke. In kuwa wata rana tunanin ya wuce "da ma" ya kai ga saƙa yadda za ka cutar da kanka, ka faɗa wa maiɗakinka ko ƙanenka a ranar, a kai ka asibiti a ranar. Manzon Allah (SAW) ya hana fatan mutuwa saboda wata cuta da ta samu mutum, ya koyar da a roƙi Allah ya raya bawa muddin rayuwa ce alheri gare shi. Ka musanya waccan magana da wannan addu'ar. Batun "su huta" kuwa, ka cire shi daga ranka. Gidan da uba ke zaune a tabarma, ko da sanda a gefensa, da gidan marayu ba ɗaya ba ne, kuma kai malami ka fi ni sanin yadda maraya ke zama a aji.

To, aikin.

Ra'ayina shi ne zaman da ake yi yanzu ba zai ɗore ba. Abokan aikinka sun yi halacci, Allah ya saka musu. Amma rufin asirin da babu takarda a kansa, ranar da masu tantancewa suka zo ba su gan ka ba, sunanka na iya faɗawa cikin jerin ma'aikatan bogi, a tsayar da albashi, ka koma kana bin ofis-ofis da sanda kana rantsuwar kana raye. Waɗanda suka rufa maka asirin su ma a tuhume su. Ga kuma yaran ajin, da ke buƙatar malami nasu na kansu; na san wannan na cikin abin da ke cin ranka ko da ba ka rubuta ba.

Amma kada ka zauna ka rubuta takardar ajiye aiki don wani ya ce ka rubuta. Wanda ya ajiye aiki don raɗin kansa daban, wanda aka yi wa ritaya saboda rashin lafiya daban. A dokar fansho ta ƙasa ta 2014, wanda ya bar aiki bai kai shekara 50 ba, kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa kawai zai iya ɗauka, shi ma sai ya yi wata huɗu bai sami wani aikin ba. Wanda likita ko kwamitin likitoci suka tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba kuwa, dokar ta buɗe masa haƙƙinsa na ritaya ko bai kai 50 ba. A aikace wannan doka ta fi shafar ma'aikatan tarayya da na kamfanoni. Ku malaman firamare kuna ƙarƙashin tsarin jiha da ƙananan hukumomi, don haka ka nemi a nuna maka a rubuce abin da naku tsarin ya tanada kafin ka sa hannu a komai. Na kawo misalin ne don ka ga yadda kalma ɗaya a takarda ke canza abin da iyalinka za su ci shekara da shekaru.

Hanyar da nake so ka bi ita ce ka rubuta wa Sakataren Ilimi na ƙaramar hukumarku ta hannun hedimasta, ka haɗa da rahoton likita daga asibitin gwamnati, ka nemi abu biyu a jere. Na farko a duba ko akwai aikin da ya dace da jikinka: kula da rajista, ɗakin karatu, duba tsarin darasin sababbin malamai, ko wani teburi a ofishin ilimi. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, ruhinta ke nan, kada naƙasa ta zama dalilin korar mutum daga aikin da zai iya. Roƙon haƙƙi ne, ba roƙon alfarma ba. In hakan bai yiwu ba, ko kai da likitanka kuka ga jikin ba zai ɗauka ba, sai na biyu: a gabatar da kai gaban kwamitin likitoci, a yi maka ritaya bisa dalilin lafiya. Ka sa wakilin ƙungiyar malamai ta NUT na reshenku cikin maganar tun farko. Kuɗin ƙungiya da aka yi ta cira a albashinka na irin wannan ranar ne.

Tun yanzu ɗiyarka ko ɗanka mai hankali ya tattara maka fayil: takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, takardun ƙarin girma, musamman ta ƙarshe, shaidar shekaru, takardun makaranta, takardar albashi. A duba sunanka da ranar haihuwa sun zo ɗaya a fayil da banki da katin ɗan ƙasa, domin harafi ɗaya ya ishi a riƙe wa mutum fansho. In akwai ƙarin girman da ya maƙale, a bi shi kafin ka fita, tunda matakin da ka fita da shi na shiga lissafi. Kada ka ba kowa takarda ta asali. Duk abin da ka miƙa, a buga maka hatimi a kwafinka da kwanan wata.

Ka kuma sani tsakanin tsayawar albashi da fara fansho akan sami tazara, giratuti kuwa a jihohi da yawa ya fi haka daɗewa. Saboda haka watannin nan da albashi ke shigowa na shiri ne. Ka san nawa ake bin ka a banki ko ƙungiyar gama kai, ka yi magana da uwar adashi tun kafin zubi ya gagara. Ka je ko ka aika ofishin KECHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kebbi, a tambayi matsayinka a inshorar lafiya bayan ritaya, da yadda ake shiga tsarin marasa ƙarfi da ake yi ta asibitocin matakin farko. Fadamar nan, ku zauna da ƙanenka gaban wani babba a faɗi kason kowa a rubuta. Ba rashin yarda ba ne, kare zumunci ne, don an sha ganin 'yan'uwa sun ɓata a kan buhun shinkafa biyu. Ranar da giratuti ya fito kuma za ka ga masu shawara sun yi yawa. Kada ka zuba shi a sana'ar da ba za ka iya zama ka ga shigarta da fitarta da idonka ba.

Yanzu maganar maiɗakinka, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai.

Matar nan tana tsaye gaban tukunya da hayaƙi tana turara shinkafa, ta shanya, ta kai inji, ta sayar, ta dawo ta taimaka maka da wanka da sutura, sannan ta miƙo maka kuɗin da hannunta don ka ci gaba da zama maigida a idon 'ya'yanka. Ka lura da wannan na ƙarshen. Da ta so, da ta yi cefanenta ba ta bi ta kanka ba. Miƙo maka da take yi girmamawa ce, kai kuma kana karɓarta a matsayin wulaƙanci, sai ka rama a kan wadda ba ta yi laifi ba. Na san ba ita kake jin haushi ba, hannun kake jin haushi. Amma ita ba ta da hanyar sanin haka sai ka faɗa. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud ta tambayi Manzon Allah (SAW) game da ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta daga dukiyarta, aka ce tana da lada biyu, ladan zumunci da ladan sadaka. Ɗan Mas'ud kuwa bai sauka daga matsayinsa na babban malami cikin sahabbai ba don matarsa ta ciyar da shi. Shekara 22 kai ke kawowa. Yau Allah ya biyo da abincin gidan ta hannunta, kuma da can ma ba kai ne mai azurtawa ba.

Ka kira ta, ku biyu, ba gaban yara ba. Ka ce mata ka san abin da take yi, ka gode, faɗan da kake yi ba da ita kake ba. Maza da yawa sun fi ganin sauƙin su yi azumin wata da su furta wannan, amma ka furta. Daga nan ka shiga sana'ar da abin da kake da shi. Kai ne mai lissafi a gidan: nawa aka sayi buhu, nawa itace da inji suka ci, nawa ya rage, wa ya ɗauki bashi. Mata da yawa na wahalar sana'a riba na zurarewa saboda babu mai riƙe musu lissafi. Ka kuma raba jinyarka tsakanin 'ya'ya maza da 'yan'uwa, domin mai jinya ita ma tana gajiya, in ta kwanta gidan ne ya kwanta. In zakka ta zo daga mai ba da ita da mutunci, kada girman kai ya sa ka mayar; irin halin da kake ciki na cikin abin da aka shar'anta ta dominsa.

Batun hagu, na fahimce ka sarai. An tashe mu tun muna yara ana buge mana hannu in mun miƙa hagu, sai ga babba da furfura ya koma ci da ita, gaisuwa da ita. Amma umarnin ci da dama na wanda ke da iko ne, malamai ba su yi saɓani ba kan cewa mai uzuri ya ci da hannun da ke masa aiki. Alƙur'ani ya faɗa a Suratun Nur da Suratul Fathi cewa babu laifi a kan makaho, babu a kan gurgu, babu a kan majinyaci. Ka sa cokali in ka fi sakewa. Alwala in ta yi wuya a taimaka maka, in ta gagara akwai taimama. Salla kuwa Manzon Allah (SAW) ya ce wa sahabi Imrana ɗan Husaini ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Kuma ka tuna Manzon Allah (SAW) a ciwonsa na ƙarshe ya fito masallaci yana dafe da mutum biyu, ƙafafunsa na jan ƙasa. Wane ne kai ko ni da za mu ji kunyar a gan mu muna jan ƙafa zuwa sahu?

Ka fara da salla ɗaya a masallacin unguwa, wadda jikinka ya fi sakewa a lokacinta, yaro ya riƙe maka kujera. Ranar farko za a kalle ka, za a ce "Allah sarki", wani ma zai kawo maka labarin mai magani. Mako biyu ba za a yi ba an saba, an koma tambayarka ra'ayinka kan taki da siyasa. Masu cewa "Allah sarki" yawancinsu ba raini suke ba, abin faɗa suka rasa. Kuma in ka lura masu zuwa dubiya sun ɗauke ƙafa, ka yi musu uzuri kaɗan: wanda aka zo gaishe shi sau uku aka ce yana barci, an koya wa mutane su daina zuwa. Zumunta a ƙafa take, taka ƙafar kuma har yanzu tana takawa.

Ka tambaye ni me ya rage maka. Alli ne ya fita hannunka, Malam, ilimin da sanin halin yara suna nan. Aɗa'u ɗan Abu Rabah, wanda mutanen Makka ke komawa gare shi don fatawa a zamanin tabi'ai, mai shanyayyen hannu ne, mai ɗingishi, daga baya ma ya makance. A unguwarku akwai 'yan aji biyar da shida da ba su iya haɗa baƙi ba, ka fi kowa sanin haka. Tara huɗu ko biyar a zaure bayan la'asar, rabin awa kawai tunda harshe na gajiya, babban cikinsu ya riƙa rubutu a ƙaramin allo kai kana gyara. Wanda iyayensa ke da hali su biya, kada ka ji nauyin karɓa. Wannan maganar da za ka riƙa yi kullum, da karatun Alƙur'ani a bayyane a hankali, su kansu motsa harshe ne. Akwai kwamitin kula da makaranta na al'umma, inda ake neman wanda ya san cikin makaranta da wajenta. Akwai magidanta da ke son koyon karatun boko amma suna kunyar zama gaban yaro. Mutumin da ya koya wa hagunsa latsa doguwar wasiƙa irin wannan zai iya koya mata riƙe biro. Ba na ce wannan zai maye maka ajinka ba, ba zai maye ba, kuma za ka ci gaba da jin kewar wasu safiyoyin. Abin da nake so shi ne lokacin da yara ke wucewa ya same ka a ƙofar gida ka yi wanka ka sa riga, su gaishe ka ka amsa, maimakon ya same ka a ɗaki kana sauraronsu ta taga.

Jikin kuma kada a sake da shi. An fi samun saurin dawowa a watannin farko, amma ana ci gaba da samun ƙari bayan haka ga wanda bai daina motsawa ba. Argungu na tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato, kuma asibitin tarayya na Birnin Kebbi da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo duk akwai masu gashin ƙashi. Ko kuɗin mota bai bari a riƙa zuwa kullum ba, a je da yaro ɗaya ya koyi motsin, a riƙa yi a gida safe da yamma. Ka riƙa sa hannun daman cikin aiki ko yaya ne, ko dafe kwano, domin hannun da aka yi watsi da shi ƙara sandarewa yake. Masu ɗaga ka kada su ja ka ta wannan hannun, kafaɗar na saurin gocewa. Maganin hawan jini ba a ajiye shi don an ji sauƙi, ba a kuma ajiye shi don an fara rubutu ko tofi. A haɗa addu'a da ƙwaya. Duk wanda ya ce maka jifa ne ko shafar aljani, ka bar maganin asibiti ka sha nasa, ka sallame shi da girma. In ka ga maganin ya taɓa maka harkar iyali, abin da ke sa maza da yawa su daina sha a ɓoye, ka faɗa wa likita ya canza maka wani, kada ka nufi masu maganin maza na bakin kasuwa. A rage gishiri da dunƙule a miya, a riƙa auna jinin a kai a kai ana rubutawa.

Kowa a gidan, har yara, ya san wannan: in baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa suka saki farat ɗaya, ko magana ta rikice fiye da yadda aka saba, ba a jira gari ya waye, ba a ɗura ruwa ko magani a baki. A nemi mota a nufi asibiti nan take.

In ka sami amsa daga ofishin ilimi, ka sake rubuto mini abin da suka ce kafin ka sa hannu. A gaida maiɗakin naka da yara. Allah ya ba da lafiya.